Mai Wasa Biyu

Ni ina wasa wuƙa, shi yana wasa kan wuƙar.
Ɗakina na ƙarƙashin matakala
a filin ƙanƙara na Polička,
inda warin roba da jiƙaƙƙiyar safa ya riga kowa shiga.
Shekara talatin da ɗaya ina kara ƙarfen takalma a dutse,
tartsatsi na tashi, yara na girma.

Lubor ya zo mini yana ɗan shekara biyar,
riƙe da takalmin yayarsa, fari,
an shafe shi da baƙin fenti don gudun dariyar maza.
Uwarsa Zdena ta taso daga aikin dare a gidan burodi,
gari a gira, barci a ido,
ta ce, "Wasa masa, Oldřich, Juma'a zan biya."
Juma'ar ba ta zo ba, ni ma ban tafi nemanta ba.
Sai dai kullum asuba
nakan tarar da burodi mai ɗumi a bakin tagata.

Ƙanƙara ba ta san ɗan kowa ba.
Ta kayar da shi ta gaba, ta kayar da shi ta baya,
ta fasa masa haɓa sau biyu kafin ya iya ƙulla igiya.
Ya tashi, ya share majina da safar hannu,
ya bi 'yar baƙar robar nan
kamar ita ta ci masa bashi.

Yana sha biyar birni ya ɗauke shi.
Yana sha takwas aka kira sunansa daga ƙetaren teku,
can ƙarshen jeri, bayan manya sun tafi cin abinci,
mai sanarwar ma ya karya sunan gida biyu.
Mu dai mun yi ihu a mashaya har gilashi ya faɗi.

Kanada ta ba shi bas, ba ta ba shi fada ba.
Dare goma sha ɗaya a hanya cikin wata guda,
garuruwan da ko taswira sai ta yi tunani,
benci mai sanyi, koci mai taunar cingam.
Ya aiko mini hoto yana murmushi,
haƙora uku sun yi ƙaura.
A baya ya rubuta: "Nan inji ke wasa takalmi. Ba ya gaisuwa."

Daga nan Finland, hunturu ɗaya da rabi.
Daga nan gwiwar hagu,
wadda ta yi ƙara a jikin katanga
har na sama suka daina tauna.

Bara ya sauko matakalata, ɗaya bayan ɗaya,
shekara ashirin da huɗu, jaka a kafaɗa,
kwantiragin wata takwas a aljihu.
Bai ce komai ba, ya miƙo takalman.
Na juya su a fitila.
Ƙarfe ba ya iya ƙarya:
gefen dama ya cinye, na hagu na nan sabo.
Na ce, "Tsoronta kake ji."
Ya kalli bango, inda hoton giɓinsa ke manne.

Na wasa na hagun da zurfi,
yadda ko ya ƙi, sai ta kama ƙasa.

Daren Asabar mutum ɗari bakwai suka zo.
Bai ci ko ɗaya ba, an ma doke mu uku da biyu.
Amma saura minti huɗu
na gan shi ya kwanta kan ƙafar hagu,
ya yanka kwana, ƙanƙara ta yi feshi har raga,
Zdena ta rufe ido da hular ulu.

Yau takalmansa na kan tebur, suna ɗiga.
Gobe akwai wasa a Třebíč, bas ƙarfe shida.
Bari in kunna dutse.