Mai Masauki

Shekara talatin ina sharar kashin jemage
a tsohon sito na bayan Birni,
wanda rufinsa ya tsage tun zamanin cinikin gyaɗa.
Buhu biyu a wata, in an yi sa'a uku,
in aza wa jaki, in kai garka.
Albasata ta san daɗinsa, tumatir ma shaida ne.
Ban taɓa tambayar mai kashin lafiyarsa ba.

Sai ran wata Laraba, bayan la'asar,
Gaptiya ɗiyar ƙanwata ta sauka daga Yamai
da akwatin ƙanƙara, da raga mai laushin yanar gizo.
Ta ce, "Kawu, riƙe mini tsani."
Ta ɗaura mini ƙyalle a hanci, ta sa mini safar hannu,
ni da na saba damƙar taki da hannu tsirara.

Da rana ta faɗa bayan duwatsu suka ɓullo,
kamar hayaƙin da ya san hanya.
Raga ta kama bakwai.
Na riƙe guda: bai kai nauyin goro ba,
zuciyarsa na kaɗawa a tafina
kamar ta yaron da aka kama da satar mangwaro.
Ta goga masa auduga a baki, ta rubuta lamba,
ta buɗe hannuna, dare ya karɓi abinsa.

Na ce, "Me kike nema a bakin talaka?"
Ta ce, "Baƙo.
Ka tuna shekarar da aka hana musabaha,
aka buɗe sahu har iska na ratsa mu?
Cutar nan, korona, tana da dangi.
A wasu ƙasashe an iske danginta a jikin jemagu,
suna zaune lafiya, ba tari, ba masassara,
kamar baƙon da ya san ladabin gida.
Ko na nan ma suna da irin baƙon? Ban sani ba.
Ko yana iya tsallakowa gare mu? Shi ma ban sani ba."
Na ce, "Ashe zato ne. Zato kuwa zunubi."
Ta yi dariya cikin ƙyallenta:
"Shi ya sa na zo da auduga, ban zo da sanda ba."

Kafin asuba magana ta kai Zango.
Ɗan Jimma mai faci ya zo da galan na esansi,
wai a ƙone sito a huta.
Gaptiya ta tsaya a bakin ƙofa, ga ta ƴar ƙarama.
Ta ce, "In ka ƙone gidan mai masauki,
ina kake tsammanin zai kwana da baƙonsa?
A rufin ɗakinka.
Sauron da yake cinyewa kuma, ka gaje shi."
Ɗan Jimma ya daɗe yana duban galan ɗinsa.
Daga baya ya zuba a babur.

Wata uku ke nan, sakamako bai iso ba.
Ina shara har gobe, sai dai na koyi yayyafa ruwa
kafin tsintsiya ta tayar da ƙura.
Ƙyallen na nan, sabulu na nan a bakin randa,
jikokina kuma na hana su shiga.

Wani lokaci nakan ɗaga kai in dube su,
jere a azara, kai ƙasa, fiffike a naɗe.
Mun sare kukar da kakanninsu suka kwana,
mun fasa dutse mun yi tubali,
sa'an nan muna tambaya wa ya shigo gidan wa.
Su dai ba su ce komai ba.
Daga inda suke rataye,
mu ne muke tafiya a kife.