Rada da Raɗa

A Aliero, bayan rumfunan albasa,
akwai ɗakin da muka liƙe wa baƙin soso
mai tsini-tsini kamar gadon bayan kada.
Ko tari ka yi, ba ya komowa kunnenka.
Nan nake aiki. Ni ke riƙe da dalma,
Luba ke riƙe da lissafi.

Ta ce: Ɗantani, rada kira ce kawai.
Takan ƙwala shi cikin sararin sama
sannan ta kasa kunne.
Duk ƙarfen da ya ce na'am, ta san inda yake,
ta san nisansa, ta san gudunsa.
Mu shiru muke koya wa ƙarfe.

Na ce a shafa masa fenti mana, mai shanye kira.
Ta yi dariya har ta dafa tebur.
Fenti murya ɗaya ya sani, in ji ta,
a sauya murya ya tona asiri.
Ni fata nake so mai kunne,
ta ji kiran tun yana bakin ƙofa,
ta auna tsawonsa,
ta mayar masa da akasinsa:
kwari inda ya zo da tudu,
tudu inda ya zo da kwari.

Ubanta Nomau masunci ne a Yauri.
Tana 'yar shekara tara ta ga
igiyoyin ruwan kwalekwale biyu
sun yi karo a tsakiyar Kwara,
sai wani ɗan wuri ya kwanta lumui
kamar an shimfiɗa tabarma.
Wurin nan take nema har yau.

Faranti guda, faɗin faifai uku.
Murabba'an jan ƙarfe ɗari huɗu, kowane kamar farce,
kowane da makunni ƙanƙane kamar ƙwayar riɗi.
Sati bakwai ina liƙa su da tabarau a hanci.
Babban yatsana har yanzu da tabon ƙuna.

Daren gwaji aka ɗauke wuta.
Muka yi karo-karon kuɗin mai, janareta ya tashi.
A allon na'ura ga wani koren tsauni,
amsar farantin ke nan.
Luba ta danna. Tsaunin ya rusuna,
ya rusuna,
ya ƙi kwanciya.
Wani tsiro ya tsaya kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Na ɗari biyu da sha uku ne.
Ni na liƙa shi a juye.
Cikin taron masu shiru shi kaɗai ke cewa na'am.
Wake ɗaya, ka san sauran zancen.
Na gyara shi ana kiran assalatu,
layin ya kwanta.
Kira ya tafi, bai sami mai amsawa ba.
Abin yana gabanmu, muna taɓa shi,
na'ura ta rantse babu kowa.

Da Nomau ya zo da ƙullin busasshen kifi
ya shafa farantin da bayan hannu,
ya daɗe.
Ya ce: To wa za a ɓoye?
Na san kifin da ba ya motsa ruwa,
shi ke yaga mini koma.
Luba ta buɗe baki,
ta duba allo,
ta rufe.
Ban taɓa jin sosonmu ya sha magana haka ba.

Shi ya sa na hana baitocin nan amsa-amo,
ba wanda zai maimaita ƙarshen ɗan'uwansa.

Amma jiya da na isa gida da dare
Inna ta ji motsi a zaure, ta ce wane ne,
da raɗa, don yara na barci.
Na amsa da ƙarfi
har akuya ta zabura.