Baƙuwa a Shagon Barmo

Kwamfutar da Barmo ya sayo, ta hannu,
ba ta san ta iso Katsina ba.
Rana na dukan kwano a Ƙofar Marusa,
ita kuwa ta dage asuba ce.

Na shiga saiti neman garinmu:
Kampala, Kigali, Kinshasa. Babu mu.
Sai Legas. To, na danna,
kamar mai zuwa biki da hular aro.

Tauraron ɗan'adam ya leƙo,
lambobi suka zabura, suka nutsu:
biyu saura kwata.

Kakata da tafin ƙafa take auna inuwa,
ba wanda ya taɓa tambayarta
a wane gari take.

Ladan Tanimu ya yi gyaran murya.
Ya makara da minti uku.
Ban gaya masa ba.