Inuwar da Ta Makara

A bayan Kuru, inda kududdufin kuza
ya zame wa sama madubi,
bishiyoyi bakwai ne a makiyayar,
kowace tsaye nesa da 'yar'uwarta,
kamar maƙwabtan da suka ɓata tun bara
amma ba wanda ya yarda ya tashi.

Atili biyu, ɗorawa uku, ɓaure ɗaya,
sai tsohuwar ɗinya da tsawa ta tsaga.
Na ƙirga su ina yaro, ina bin Gidaɗo da gora.
Yau na ƙirga. Shida.

Ɓauren ne ya tafi.
Buhu goma sha ɗaya na gawayi, in ji Davou,
aka loda a a-kori-kura sai Bukur.
Matarsa na kwance a asibiti.
Ban ce masa komai ba.

Su shanu labari bai kai musu ba.
Rana na kaiwa tsaka,
farar nan mai karyayyen ƙaho za ta ja gaba,
sauran su biyo,
su kewaye kututture, su tsaya cikin zafi
suna tuƙa,
suna jiran inuwar da ta makara.

Wa zai gaya musu?
Wa zai gaya wa cilakowa mai zuwa karya kumallo,
da jemagun magariba,
da zumar da ke kogon babban reshe,
da hawainiya mai tafiya kamar tana taka ƙwai?
Mun ce itace aka sare.
Ashe unguwa guda aka tayar.

Gindin ɗorawa kuwa ciyawa na nan shar
har bayan an gama sussukar acca.
Ganye ya zubo, kashin shanu ya sauka a kai,
buzuzu ya mirgine rabonsa ya binne,
gara ta ƙarasa aikin cikin dare.
Ba mai biyan su lada,
ƙasa ce dai ke ƙiba.

Gidaɗo ya tsufa, sandarsa ta fi shi miƙewa.
Jiya na iske shi durƙushe a bakin inuwar atili,
yana kafa ƙaya, yana jera duwatsu
kewaye da tsiron da bai kai yatsa ba.
"Jemage ne ya shuka," ya ce. "Ɓaure ne.
Ni gadi kawai nake, kada maraƙi ya lashe."

Na ce, Baffa, yaushe wannan zai yi inuwa?
Ya dubi farar saniya, tana can tsaye a rana.
"Ni da ita ba mu da rabo a ciki.
Miƙo min wancan dutsen."

Kafin in sunkuya sai ga Davou
da wani ƙaton dutse a kafaɗa.
Bai yi sallama ba.
Ya duba inda da'irar ta rage, ya ajiye,
ya koma ɗauko wani.