Yashin da Na Saya

Buhu uku na ɗauko daga Gombe
da kuɗin tunkiyar da Kyauta ta ba ni rance.
Buhu fari fes, da hoton masara mai gemu,
bakinsa a ɗinke, ka ce hannu bai taɓa shiga ba.

Na zuba a tafi: rabi taki, rabi yashi.
Yashi ma sai na saya,
ni da Gongola ke wucewa ta bayan gidana a Dadin Kowa!

Masara ta fito rawaya kamar mai ciwon shawara,
ta kai gwiwa, ta ƙi gaba.
Na kai wa malamin gona ragowar buhun.
Ya jawo wani littafi da gara ta ci gefensa,
ya karanta, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba:
"Barde, dokar nan ta girme ka.
Tarar da ke ciki ko goro ba ta saye.
Mutuminka zai biya daga canjin aljihu,
gobe ya koma tankaɗe."

A hanya na iske Gidaɗo tsugune,
farar saniyarsa kwance, ƙuda na yi mata gaisuwa.
Kwalbar allurar na hannunsa.
Wata guda ta yi tana shan rana a kan tebur,
an kankare kwanan watanta da reza.
Bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

Yanzu rediyo na cewa majalisa ta zauna,
za a yi wa tsohuwar doka sabon ɗinki.
Ƙudiri, kwamiti, karatu na biyu.
To, madalla.
Da za a bar ni in shiga zauren,
ba zan yi jawabi ba,
buhun zan zazzage a kan teburin,
kowa ya sa yatsa ya tsince takin.
In sun gama, su rubuta sunan mai sayarwa a jikin buhu,
su sa maganin shanu a inuwa mai sanyi,
su yi tarar da za ta hana mutum barci.

Kyauta ba ta tambayi kuɗinta ba,
igiyar tunkiyar dai ta rataya inda zan gani.
Jiya hadari ya haɗu ta gabas.
Shi ba ya jiran karatu na uku.