Ashana a Damtsen Hagu

A Mbita, inda tafki ke lasar gindin duwatsu,
na miƙa hannun hagu kamar mai karɓar canji.
Aoko, ma'aikaciyar jinya, ta ce in kalli bango.
Na kalla: kalandar bara ce, da hoton akuya.
Kafin in ƙirga ƙafafunta, har an gama.

Ashana guda, ba kai, ba wuta,
kwance a ƙarƙashin fata kamar ƙayar kifi.
"Shekara uku za ta yi miki gadi," in ji Aoko.
"Jinin wata kan rikice, kada ki firgita.
Ran da kika gaji da ita, ki zo a cire.
Amma buɗe kunnenki, Awino:
ƙofa ɗaya take tsarewa.
Ciki ba zai shigo ba,
ciwo kuwa bai san da zamanta ba."
Sai ta turo mini kwalin kororon roba
kamar mai ba da gyara bayan ciniki.

Na juye su a gwangwanin shayi, bayan gishiri.

'Ya'ya huɗu cikin shekara shida.
Zanen goyona bai taɓa bushewa ba.
Ranar na shanya ƙananan kifi a kan taru,
ina korar balbelu da hannun dama kaɗai.

Da dare fitilun masunta kan jeru a kan ruwa,
ka ce wani gari ne ya tsiro a tsakiya.
Okeyo yana cikinsu.
Mako biyu, wani sa'in uku,
a tsibiran da ƙafata ba ta taɓa takawa ba.
Na san da me ake sayen kifi a can idan kuɗi ya ƙare.
Kowa ya sani, ba mai faɗa.
Yayata Adongo ma ba ta faɗa ba,
har muka rufe ta a bayan gonar rogo.

Ya dawo yana ƙaurin kananzir.
Cikin duhu yatsansa ya bi damtsena, ya tsaya.
"Mene ne wannan?"
"Hutu ne."
Ya yi shiru. Na miƙa hannu bayan gishiri.
Ya buɗe, ya rufe.
"Ashe ba ki yarda da ni ba."

Na ce: kai da ka iya iyo tun ba ka da haƙori,
me ya kai ka sayen rigar ceto
bayan jirgin su Obuya ya kife?
Ka tsani tafkin ne?

Ya fita. Na jiyo shi a kan kifaffen kwale-kwale
yana marin sauro a ƙafa.
Wata ya yi nisa kafin ya turo ƙyaure.
"Asibitin nan, yaushe suke gwajin jini?"
"Kullum."
"To, Talata. Amma ke za ki fara ba da yatsa."
Mutumin da ke zare ƙugiya daga tafinsa da haƙori!
Na toshe baki da zane, kada yara su farka.

Ban san abin da takarda za ta ce ba.
Na dai san gwangwani ya bar bayan gishiri,
ya koma ƙarƙashin gado, wajen kai.

Da asuba na ɗora ruwa.
Ganyen shayin yana ƙulle a leda,
bai sami sabon gida ba tukuna.