Lambar Fresia

A daren sabuwar shekara
garin Valparaíso ya cinna wa sama wuta.
Jiragen ruwa na busa a bakin teku,
tartsatsi ja da kore na zubowa kan rufin kwano,
kowa ya ɗaga kai.
Ni ma na ɗaga,
shi ya sa ban ga abin da ke faruwa a ƙasa ba.

Jikana Nibaldo ya fita a guje,
ya ja ƙofa, sakata ba ta kama ba.
Tun watan jiya nake cewa gobe zan gyara ta.
Ashe gobe ba ta riƙe guduma.

Pebre, wanda ko tsawa aka yi
sai ya cusa kai ƙarƙashin gado,
ya ji duniya na fashewa,
ya ga kafa,
ya bi.

Da asuba na sauka matakalar unguwa,
ɗari da arba'in da bakwai, gwiwata ce ta ƙirga,
ina kaɗa kwanon abincinsa,
ina kiran sunansa tsakanin fasassun kwalabe.
Karnukan titi suka dube ni ɗaya bayan ɗaya,
babu mai farin tabo a kunnen hagu.

Rana ta biyu muka buga hotonsa.
Ximena mai gidan burodi ta ce,
"Ƙara girman rubutun,
mai wucewa a mota ba ya tsayawa karanta wasiƙa.
Ka ajiye rigar da ka kwana da ita a bakin ƙofa, da ruwa,
hanci ya fi ido sanin hanya.
In ka hango shi kada ka bi shi da gudu.
Tsuguna, ka kawar da kai, ka bari ya zo."

Muka manna hoto a kowace falwaya har bakin kasuwa.
Na ajiye rigar.
Kyanwar maƙwabta ta kwana a kai.

Rana ta huɗu na ce wa likitar dabbobi,
"Ai akwai 'yar na'ura a fatar wuyansa,
ba ta fi ƙwayar shinkafa ba,
duk wanda ya tsince shi zai same ni."
Ta duba kwamfuta, ta soma karanto lamba.
Na ƙarasa mata.
Ta Fresia ce.

Wata goma sha ɗaya wayarta na aljihun tebur
tare da tabarau da allurar saƙa,
a kashe, yadda ta bar ta
ran da aka tafi da ita asibiti.
Ban taɓa ta ba.
Kuɗin layin kawai nake biya duk wata,
kada a tambaye ni dalili.

Na jona ta a wuta, na zauna a gefenta na gado.
Gilashin ya yi haske:
ga ta, ga Pebre yana kwikwiyo a cinyarta.
Sai saƙo ya shigo, wani na bin wani.
"Uwargida, karenki na wurina a Caleta Portales.
An duba wuyansa an ba ni wannan lamba."
"Sunana Eleuterio, masunci ne ni."
"Uwargida, ki taimaka, ya cinye mini rabin kamu."

Na same shi ƙarƙashin wani kwalekwale da aka kife,
yana ƙarnin kifi, tafin ƙafa a tsage.
Na tsuguna, na kawar da kai, yadda aka ce.
Sanyin hanci na ji a bayan hannuna.
Eleuterio ya ce, "Ina uwargidan?"
Na ce, "Ita ta turo ni."

Yanzu sakata biyu ce a ƙofa,
na ɗaura da hannuna.
A wuyansa akwai ɗan ƙarfe da aka zana wa lambata.
Likita ta goge waccan ta sa tawa,
na fita shan iska kafin ta danna.

In shekara ta zagayo, sama ta sake kamawa da wuta,
za mu rufe taga, mu ƙure rediyo,
mu zauna a ƙasa, ni da shi, jikin bango.
Sau saba'in na kalli wutar nan.
Ta ishe ni.